Shin mai aikin faiba a Kumasi zai iya haɗa sandar kamun kifin salmon?

Maifaiba na Suame ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Sana'ata aikin faiba ce, wato zaren gilashi da ake haɗawa da ruwan rezin ya daskare, a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda nake gyaran gaban motoci da rufin bas-bas da tankunan ruwa. Ɗan wana da ke zaune a garin Perth na ƙasar Sikotlan ya shiga harkar kamun kifin salmon da fatsa a Kogin Tay, irin kamun nan da ake yi da ƙudan da aka ɗaura da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, kuma ya roƙe ni in haɗa masa sandar faiba da hannuna, domin yana son ya riƙa shiga ruwa da abin da baffansa ya yi masa. Na amsa masa da murna, amma ba na son in aika masa abin da zai karye a hannunsa gaban mutane.

Abin da nake son sani shi ne, ko zan iya naɗa gangar sandar, wato dogon bututun jikinta, da kaina da tabarmar faiba da ruwan rezin ɗin da muke aiki da su kullum, ko kuwa akwai wani sirri a cikinta da ya fi ƙarfin kayan rumfata. Sannan wane tsawo ya dace, kuma shin ma faiba ta dace da kifi irin wannan, tunda yaron ya ce mini yawancin waɗanda yake gani a bakin kogi sandar kabon suke riƙewa? Duk wanda Allah ya hore wa sani a kan wannan, ina neman taimakonsa.

Malamin Ƙere-ƙere, Asawase, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki tambayar farko, domin ita ce ta shafi fannina, kuma amsarta a taƙaice ita ce kada ka naɗa gangar da kanka. Ba don hannunka ya gaza ba, sai don kayan da ke rumfarka an yi su ne saboda wani aiki daban. Tabarmar da kake shimfiɗawa a gaban mota zarurrukanta gajeru ne, an yayyanka su an watsa ta kowace fuska, kuma hakan shi ne daidai ga faifan da ake so ya jure bugu daga ko'ina. Sandar fatsa kuwa tana buƙatar dogayen zarurruka da suka miƙe daga gindi zuwa tsini ba tare da yankewa ba, da 'yan kaɗan da suka kewaye ta domin kada bututun ya lotse idan ta lanƙwasa. Ruwan foliyesta da muke zubawa da burushi shi ma yana da saurin tsagewa, kuma ba za ka iya daidaita yawansa da hannu ba a jikin abin da tsininsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba.

A masana'anta, ƙyallen gilashin yana zuwa ne an riga an jiƙa shi da efoksi, wani irin rezin daban, daidai gwargwado, ana kuma ajiye shi a firiza domin kada ya fara daskarewa. Ana yanka shi kamar doguwar tuta mai faɗin gindi da siririn kai, a manna gefensa a jikin wata sandar ƙarfe da aka fiƙe ta a hankali daga kauri zuwa siranta, a mirgina ta ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, a naɗe da siririn tef mai tsukewa idan ya ji zafi, sannan a rataya a murhun da zafinsa ke kaiwa wajen digiri 120 zuwa 150. Bayan ta huce sai a zare ƙarfen, a kware tef ɗin. Halin sandar gaba ɗaya, wato inda za ta lanƙwasa da saurin komawarta, yana cikin fiƙar wannan ƙarfen da yadda aka yanka ƙyallen, kuma wannan shi ne abin da kowane kamfani yake riƙewa a matsayin sirrinsa.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Mafi yawan masu haɗa sanda ta musamman a Amurka da Turai ba sa naɗa ganga, saye suke yi daga 'yan kamfanonin da suka ƙware, kamar CTS da Epic na ƙasar Niyu Zilan, sannan su yi mariƙi, su ɗaura zobban da igiya ke bi ta cikinsu, su shafa efoksi, su rubuta sunan mai ita. Epic ma suna sayar da kunshin da ke ɗauke da ganga da duk kayan haɗinta. Wannan ɓangaren shi ne aikin hannu na gaskiya, kuma wanda ya saba da rezin da takardar goga ya riga ya yi rabin tafiya.

Idan za ka zaɓa, za ka tarar da gilashi iri biyu. Akwai mai harafin E, wanda asalinsa an yi shi ne domin kayan lantarki, shi ne na tsofaffin sanduna, mai laushi da nauyi. Akwai kuma mai harafin S, wanda ya fi shi ƙarfi da ɗan tauri, saboda haka ana iya rage kaurin bango sandar ta yi sauƙi. Ga kifi mai ƙarfi, na biyun nake ba da shawara. Game da kabon kuma, zarensa ya fi na gilashi tauri kusan ninki uku, kuma ya fi shi rashin nauyi, shi ya sa bayan kamfanin Fenwick ya fito da sandar kabon a 1973 ta ture faiba cikin 'yan shekaru, kamar yadda ita ma faiba ta ture sandar gora bayan kamfanin Shakespeare ya fara sayar da tasa a 1947. Sai dai gilashi yana da abin da kabon ba shi da shi: zarensa yana miƙewa kusan kashi 5 cikin ɗari kafin ya tsinke, na kabon kuwa bai cika kaiwa kashi 2 ba. Wannan ne ya sa sandar faiba take lanƙwasa har kusa da hannu ba ta karye ba, take kuma jure bugun dutse ko gefen kwalekwale.

Ɗan Nima a Aberdeen ya amsa:

Baba, barka da wannan niyya, Allah ya saka da alheri. Ni ina zaune a Sikotlan kuma ina zuwa Kogin Dee idan hali ya yi, saboda haka zan yi magana a kan kifin da ruwan, domin su ne za su yanke tsawon sandar, ba sha'awarmu ba.

Da farko, kifin da ake kira salmon a kasuwar Nima ko Kejetia, wanda ake ƙyafewa a sa a miya, ba shi ne wannan ba. Wancan wani kifin teku ne daban, ƙarami. Salmon na Tekun Atlantika kifin ruwan sanyi ne da ba ya rayuwa a ruwanmu na Gana. Ana ƙyanƙyashe shi a tsakuwar kogi, ya yi shekara biyu ko uku a nan, ya sauka teku ya tafi kiwo har wajen Girinlan da tsibiran Faro, sannan ya komo kogin da aka haife shi domin ya yi ƙwai. Abin da ya fi muhimmanci ga mai fatsa shi ne, idan ya shigo kogi ba ya cin abinci. Yakan cafki ƙudan ne jefi-jefi, don haka mutum yana iya wuni yana jifa tun safe har yamma ba tare da ko taɓawa ɗaya ba. Wanda zai yi jifa ɗaruruwa a yini, nauyin sandar da ke hannunsa ba ƙaramin al'amari ba ne.

Na biyu, a wannan kamun ba darma ce take jan igiya ba, domin ƙudan ba shi da nauyin kirki. Igiyar ce da kanta mai kauri da nauyi, sandar tana lanƙwasa saboda nauyinta sannan ta miƙe ta cilla ta. Shi ya sa kowace sanda take da lamba da dole ta dace da ta igiya. Ma'aunin da masu kayan fatsa na Amurka suka kafa a farkon shekarun 1960 yana auna ƙafa 30 na farkon igiyar: lamba 8, alal misali, tana da nauyin kusan giram 13 da rabi. Sandunan hannu biyu kuwa suna ɗaukar igiya mai nauyi fiye da haka ko da lambar ɗaya ce, don haka a kula sosai wajen oda.

Tay shi ne kogi mafi tsawo a Sikotlan, kuma babu kogin da ya kai shi yawan ruwa a duk Birtaniya. A cikinsa ne Georgina Ballantine ta kama salmon mai fam 64, kusan kilo 29, a shekarar 1922, kuma har yau babu wanda ya kama wanda ya fi shi da sanda a ƙasar. A faɗaɗan wuraren kogin, musamman daga buɗe kamu a ranar 15 ga Janairu zuwa bazara, mutane suna amfani da sandar hannu biyu mai ƙafa 14 ko 15, lamba 9 ko 10, da salon jifan da ya samo suna daga Kogin Spey, wanda igiya ba ta komawa baya sosai saboda itatuwan bakin gaɓa. Gaskiyar magana, Baba, faiba mai wannan tsawon za ta yi nauyi, kanta zai riƙa rinjayar hannu, kuma kafin azahar kafaɗa ta gaji. A nan kabon ya fi, ba na tantama.

Amma ba duk kamu ake yi a babban ruwa ba. Akwai ƙananan rassan kogin, akwai kuma lokacin zafi da ruwa ke ja baya, lokacin da ƙananan salmon da suka yi hunturu ɗaya kacal a teku suke shigowa, masu kilo biyu zuwa uku. A irin wannan wuri faiba tana da daɗi ƙwarai, domin laushinta yana shanye fizgar kifi, siririn zaren gaba da ke riƙe da ƙugiya ba ya tsinkewa, ƙugiya kuma ba ta yage baki. Shawarata ita ce sandar hannu ɗaya mai ƙafa 8 da rabi ko 9, lamba 8, da ɗan guntun mariƙi a gindi wanda ake tokarawa a ciki idan kifi ya ja. Kada a yi ƙasa da lamba 8. Yawancin salmon da ake kamawa a nan yanzu sakinsu ake yi, doka ma ta wajabta sakin duk wanda aka kama kafin 1 ga Afrilu, kuma a Disambar 2023 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sanya salmon na Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Sanda mai rauni tana tsawaita kokawa har kifin ya galabaita, a sake shi ya je ya mutu, kuma wannan asara ce da ba ta da amfani ga kowa.

Maifaiba na Suame ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode ɗana. Na haƙura da naɗa ganga, zan yi oda. To ga wanda ya taɓa haɗawa, ina neman bayani a kan ɗaurin zobba da shafin efoksi a irin yanayinmu na Kumasi, inda raɓa da laima ba sa rabuwa da mu.

Alhaji Mai Fatsa, Madina, ya amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina haɗa sandunana da kaina saboda kamun da nake yi a Kogin Volta, a bakin Ada da ƙasan Akosombo, don haka zan faɗa maka abin da hannu ya sani. Amma kafin nan, ina da ɗan saɓani da yaronmu na Aberdeen. Idan ɗan naka a Tay yake kamu, sandar hannu ɗaya mai ƙafa 9 za ta daɗe a jingine a ɗaki. Ni da zan zaɓa, sai in ɗauki mai ƙafa 11 ko kusa da haka, lamba 7 ko 8, irin wadda ke da ɗan mariƙi na biyu a ƙasa, ana iya jifa da ita da hannu biyu. A wannan tsawon gilashi mai harafin S bai kai ga gajiyar da mutum ba, kuma laushinsa yana taimaka wa wanda bai daɗe da fara koyon jifan Spey ba, domin yana jin lokacin da sandar ta cika da nauyin igiya. Ka nemi mai gaɓa huɗu, kowace gaɓa ba za ta kai mita ɗaya ba, sai ta shiga bututun roba na famfo, a toshe bakinsa biyu, ta yi tafiya lafiya.

Idan kaya sun iso, kada ka fara da gam. Ka ɗauki kowace gaɓa, ka dafa gindinta a kan tebur mai santsi, ka tallafi kanta da tafin hannu, ka danna tsakiya ta ɗan lanƙwasa, sannan ka mirgina ta a hankali. Za ka ji wani wuri da take yin tsalle ta zauna, wannan shi ne ƙashin bayanta, inda ƙyallen ya hau kan juna wajen naɗi. Ka manna tef ka yi alama, domin zobba a kan layin nan ko kishiyarsa za su jeru, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne duk gaɓoɓin su bi layi ɗaya.

Mariƙin ana yin sa da ɓawon itacen kok, wanda mafi yawansa daga Fotugal yake fitowa. Ramin cikinsa za ka faɗaɗa da zagayayyen magagari kaɗan-kaɗan, kana gwadawa, har ya zauna a inda ake so ba tare da ka tura shi da ƙarfi ba, domin yana tsagewa. Mazaunin kwarkwaron igiya kuma ka zaɓi na alminiyam da aka yi wa rufin hana tsatsa, ka bar na katako, saboda sandar salmon ruwa take sha.

Zobba su ne inda haƙuri yake aiki. Ƙa'idar da aka saba ita ce zobe ɗaya ga kowace ƙafa, a ƙara ɗaya, ban da na tsini. Manya biyu a ƙasa, sauran siraran murɗaɗɗun waya. Ka goge ƙafar kowane zobe da magagari har ta yi siranta kamar bakin farce, domin zare ya hau ba tare da ya yi tuntuɓe ba, sannan ka shafa ƙasanta da yatsa ka tabbatar babu kaifin da zai yanki gangar. Kafin ka ɗaura, ka manna su duka da tef, ka zura igiya, ka ɗaura wani abu mai nauyi a tsini sandar ta lanƙwasa, ka tsaya gefe ka duba. Inda igiya ta yi kusurwa mai kaifi ko ta nisanta da jikin sandar, sai ka matsar da zoben. Teburin tazarar da kamfani ke aikowa mafari ne kawai. Zaren nailan na ɗauri nake amfani da shi, ina zura shi ta tsakiyar littafi mai kauri domin ya sami matsi daidai, sandar kuma tana kwance a kan kwali da na yanke wa baki biyu. Kada ka ɗaure da ƙarfin da zobe ba zai iya motsi ba ko kaɗan, domin a ƙarshe sai ka hango ta tsawonta ka daidaita su. Bakin kowace mahaɗa ta mace, wato wadda ɗayar gaɓar ke shiga cikinta, shi ma dole a ɗaure shi da zare, in ba haka ba zai tsage. Idan kuma mahaɗar irin mai ɗan turke ce a ciki, za ka ga tazara ta rage tsakanin gaɓoɓin biyu bayan ka haɗa. Da gangan aka bar ta saboda cin da za ta yi nan gaba, kada ka goge don ta rufe.

Efoksin shafin zare ba irin na manna ƙarfe ba ne, kuma ba rezin ɗin rumfarka ba ne. Ruwa biyu ne da ake aunawa daidai wa daida da sirinji, a gauraya a hankali domin kada kumfa ya shiga, a zuba a kan takardar alminiyam ya baje. Laima tana sa shi ya yi hazo ko ya bar danƙo a sama, saboda haka kada ka shafa da sassafe ko ranar da hadari ya haɗu. Ka rufe ɗaki, ka kunna ƙwan lantarki mai zafi kusa da aikin. Lokacin hunturu iska a bushe take, amma ƙura ce abokiyar gaba, sai ka yayyafa ruwa a ƙasa ka kifa dogon kwali a kai. Dole sandar ta riƙa juyawa har shafin ya kama, awa biyu zuwa uku. Idan kana da ƙaramin injin juyi to, amma ka shirya juyawa da hannu, rabin zagaye kowane ɗan lokaci, ko da wuta za ta ɗauke. Shafi biyu masu siranta sun fi ɗaya mai kauri, musamman a saman sandar faiba, inda kowane ɗigo yake ƙara mata nauyin kai.

Shawarata ta ƙarshe, ka fara da ganga mai araha ka haɗa wa kanka, ka gwada jifa a filin ƙwallo da ɗan ulu a madadin ƙugiya, sannan ka zo Volta mu nemi tsage ko giwan ruwa. Bayan haka sai ka taɓa ta ɗan naka.

Ɗan Nima a Aberdeen ya ƙara da cewa:

Alhaji, na karɓi maganarka a kan mai ƙafa 11 idan yaron a babban kogin yake yawan tsayawa. Baba, kafin ka biya kuɗin oda, ka sa shi ya tambayi mai kula da yankin kogin da yake sayen izinin kamu a wurinsa, domin a nan kowane yanki da mai shi, kuma waɗannan mutanen sun san faɗin ruwansu da irin sandar da ke isa gaɓa. Ya kuma duba nauyin igiyar da kamfanin ya rubuta wa gangar, ya sayi igiyar tun yanzu ya aiko maka da ita tare da kwarkwaronsa, domin da su za ka gwada zaman zobba, ka kuma ga ko sandar tana daidaita a hannu ko kanta yana rinjaya. Idan ka gwada ta a ruwan Volta, ka wanke ta da ruwa mai tsabta, ka bar mariƙin da igiyar su bushe sarai kafin ka rufe bututun, saboda a nan ana tsananta kiyaye koguna daga cututtukan kifi da jiƙaƙƙun kaya ke ɗaukowa daga wani ruwa. Ka haɗa masa da guntun kyandir a ciki, ya riƙa shafa wa mahaɗai, kuma ya naɗe su da tef ranar kamu, domin jifan Spey yana murɗa sanda, gaɓar da ta saki kuwa a nan take tsagewa.